Saƙon Muryar da Na Goge

Masu karatu, yau sai kun yi haƙuri da ni, domin laifin da zan ba ku labarinsa nawa ne, ba na kowa ba.

Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Sabuwa, shekaruna ashirin da bakwai. Ina koyar da 'yan aji biyu a wata ƙaramar makaranta ta 'yan uwanmu baƙi a unguwar Malaz, nan Riyad. Tsohon gida ne mai hawa biyu aka mayar makaranta, har yanzu ofishin mudira, wato shugabarmu, yana da alamar kicin. 'Ya'yan likitoci da malaman jami'a daga Najeriya, da 'ya'yan direbobi da masu aikin gida daga Maraɗi da Damagaram, duk a benci ɗaya suke zama. A farkon zangon nan mudira ta kafa Kwamitin Tafiya da Kowa, ta ce ni zan shugabance shi. Aikina in tabbatar ba a bar wani yaro ko wata uwa a baya ba saboda harshe, ko sana'a, ko lalura.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na sayi sabon kundi mai bango kore, na ja layi da rula a kowane shafi. Ni mace ce mai son tsari. Ko mayafaina a kabad bisa launi suke jere.

Wannan son tsarin ne ma ya haɗa ni da Basiru. Mai harhaɗa magunguna ne a wani kantin magani kusa da kasuwar Batha. Wata takwas muna tare, bai taɓa turo mini saƙon da babu waƙafi da aya ba. "Assalamu alaikum, Malama. Da fatan yara ba su cinye miki murya ba." Haka yake rubutawa kowace rana bayan azahar. Mahaifiyarsa ta zo daga Funtuwa da bizar ziyara, ta sauka gidan yayarsa, Anti Khalida, kuma an tsayar da cewa cikin watan nan za su zo gaishe da iyayena. Ku riƙe sunan Anti Khalida. 'Ya'yanta uku suna makarantarmu, kuma ita ce shugabar kwamitin iyaye.

Ranar Alhamis mudira ta kira ni ofis, ta tura mini takarda.

"Kwamitin iyaye zai zauna ranar Litinin kan sabunta rajista," ta ce. "Wannan yarinyar kam ban ga yadda za ta tsira ba. Amma tunda aikinki ne, ki duba."

Rahina Laouali, aji huɗu, shekara tara. Ta faɗi jarrabawa zango biyu a jere. Malamarta ta rubuta: "Ba ta mai da hankali, sai an kira ta sau uku." An aika wa iyayenta wasiƙa uku su zo, babu wanda ya zo, babu amsa. A ƙa'idar makarantarmu, idan faɗuwa ta haɗu da wasiƙa uku ba amsa, ana ba wani yaro gurbin. Yara goma sha tara ke jiran gurbi.

Na san Rahina da gani. Siririya ce, kullum hijabinta a goge, idan ka yi mata magana sai ta karkatar da kai gefe ɗaya kamar mai jin kunya.

"Ina uwar take?" na tambaya.

"Unguwar Shumaisi. Aikin girki take yi a gidan wasu Larabawa, Juma'a kaɗai take hutu. Uban kuma direban babbar mota ne, kullum yana hanyar Dammam."

"Juma'a kuma makaranta a rufe."

Mudira ta ɗaga kafaɗa. "Tana cikin zauren iyaye na WhatsApp ai. Ko harafi ɗaya ba ta taɓa rubutawa ba."

Washegari bayan la'asar na saka doguwar rigar atamfata mai ruwan ƙasa, na ɗora baƙar abaya, na sayi dabino da lemo a baƙala, wato ɗan kantin ƙasan gidanmu, na hau tasi zuwa Shumaisi. Gidan yana cikin wani lungu, hawa na uku, matakala ba fitila. Ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin, amma ƙamshin turaren wuta ya tare ni tun daga ƙofa. An shimfiɗa darduma ja, kwanukan samira a jere bisa kabad, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani a taga.

Mariamou, mahaifiyar Rahina, ba za ta girme ni da shekara biyar ba. Ta rasa inda za ta saka ni.

"Malama da kanta? Lale, lale! Rahina, kawo matashi. Wallahi da na san kina tafe da na dama fura."

Muka gaisa, na tambayi Baban Rahina, ta tambayi Ummana. Na sha shayi kofi biyu kafin na fito da kwafin wasiƙun.

"Maman Rahina, kin ga waɗannan?"

Ta karɓa, ta riƙe ta farkon a juye. Sai ta yi murmushi. "Na gani. Rahina ta karanta mini. An ce tana ƙoƙari, a riƙa wanke mata kayan lakwal." Kayan makaranta take nufi.

Na juya. Rahina ta tsaya a bakin kicin, idonta a ƙasa, tana murɗa bakin hijabi. Wasiƙun da Turanci da Larabci aka rubuta su. Babu wanda zai karanta wa uwar sai 'yar da ake ƙara a kai.

Ban tona mata a nan take ba. Na ce ta je ta wanke mana lemo, sannan na rage murya na gaya wa uwar abin da ke rubuce. Ta ajiye takardar a hankali kamar za ta fashe.

"Korar ta za a yi?"

"Ba a yanke ba tukuna. Amma me ya sa ba ta ji a aji?"

"Malama, ai kunnenta na hagu ba ya ji. Tun zazzaɓin da ta yi bara. Likita ya ce a zaunar da ita gaba, ta ba malama kunnen dama. Ita kuwa ta hana in je, wai yara za su yi mata dariya, dama suna kwaikwayon maganarta."

"To me ya hana ki sanar da mu?"

Ta dube ni, ba da fushi ba, da mamaki. "Na faɗa mana. Ranar da muka komo daga asibiti na faɗa cikin zaure. Minti guda bai yi ba aka share. Na tambayi maƙwabciyata mai karatu, ta ce an rubuta ba a son murya. Kuma ba a kiran malamai. Sai na ce to, ba a son muryarmu ke nan. Na yi shiru."

Masu karatu, kun san wa ya rubuta wannan dokar?

Shekara biyu da suka wuce aka ba ni kula da zauren. A lokacin wani uba ya turo saƙon murya na minti tara kan motar makaranta, wani ya mayar masa da na minti sha ɗaya. Sai na zauna na tsara dokoki bakwai, na ba su lamba. Ta uku: ba a turo saƙon murya, duk wanda aka turo za a goge. Ta huɗu: ba a kiran malamai ta lambobinsu. Anti Khalida ta yaba mini a gaban kowa, ta ce zauren ya zama na wayayyu. A ranar ma ta fara tambayar ko an yi mini miji. Tun daga nan, duk saƙon muryar da ya shigo, yatsana ke goge shi, ban taɓa saurara ba. Ina gogewa ina jin na yi shara.

Na ajiye kofin shayin a kan darduma.

"Ni ce na goge," na ce.

Sai ta ƙara mini shayi. "Allah ya kiyaye gaba, Malama. Ai ba ki sani ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sannan ta ɗauko wayarta mai tsagaggen gilashi, tana 'yar dariyar kunya. "Kin ga wautata. In abin ya cika mini ciki, sai in yi kamar da ke nake magana, in tura wa Baban Rahina. Shi kuwa ya ce, ni na zama malama ke nan?"

Saƙonni sha ɗaya, cikin wata goma. Ta danna na farko. Ana jin ƙarar tukunya a bayanta.

"Salamu alaikum Malama, Mariamou ce, uwar Rahina ta aji huɗu. Don Allah a maido mini ɗiyata gaba. Ba rashin kunya ba ne, ba ta ji ne. Tana son lissafi ƙwarai."

Na nemi izininta in kunna wa kwamiti wannan. Ta ce, "In zai yi amfani, ki kai. Amma kar a faɗa gaban yara."

Na isa gida ana kiran magariba. Bayan salla na tarar da Umma a falo ta baje lesuka biyu a kan kujera, ɗaya ruwan zuma, ɗaya shuɗi.

"Zo ki zaɓa. Ranar da za su zo ba za ki fito mini da atamfar makaranta ba."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na ba ta labari duka. Ta saurara har ƙarshe, ta ninke leshin shuɗin.

"Allah sarki, baiwar Allah. To ki gaya wa mudira a ɓoye, a gyara."

"Ba a hannun mudira yake ba, Umma. Kwamitin iyaye ne. Kuma ba Mariamou kaɗai ba ce. Iyaye mata kusan talatin ne a zauren ba su taɓa cewa uffan ba."

"Sabuwa." Idan Umma ta kira sunana da wannan muryar, na san inda za a je. "Khalida ce ke riƙe da gidan nan nasu. Ita ta kawo uwar, ita za ta rako ta. Kin ƙi ɗan Alhaji Talha, na yi shiru. Kin ƙi na Jidda, na yi shiru. Wannan da kanki kika kawo shi. Mako biyu ya rage. Dokar da ta yi shekara biyu ba za ta iya ƙara mako biyu ba?"

"Dokar za ta iya, Umma. Rahina ce ba za ta iya ba. Litinin za a yanke."

Ta yi tsaki mara ƙarfi. "Ke da ubanki, kai ɗaya."

Ranar Asabar da hantsi na kira Anti Khalida. Na gaishe ta, na tambayi Hajiya, mahaifiyarsu, da yara, sannan na yi bayani a tsanake.

"Ayya, abin tausayi," ta ce. "Amma ƙanwata, ƙa'ida ƙa'ida ce. In muka buɗe wa ɗaya, gobe kowa zai ce bai iya karatu ba. Kuma zancen murya, kalas, an gama, kar ki tayar. Kin manta yadda zauren yake da? Kamar kasuwar Batha ranar Juma'a. Wadda ba ta iya rubutu ba ta nemi mai rubuta mata."

"Anti, wanda zai rubuta mata yarinyar ce."

"To laifin wa? Ke fa kika kawo dokar nan, kuma ita ce abu mafi kyau da aka yi a makarantar. Kar ki kunyata kanki, ki kunyata ni da na tsaya miki."

Bayan azahar saƙon Basiru ya shigo, da waƙafinsa da ayarsa.

"Malama, Yaya ta kira ni. Na fahimci damuwarki, kuma ina ganin kina da gaskiya. Amma ina roƙonki, ki bari a wuce gaisuwa tukuna. Yaya ba ta iya fushi kaɗan ba."

Na rubuta: "Idan na bari, ranar Litinin za a ba wani kujerarta."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. A ƙarshe: "Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

Ban san ko goyon baya ba ne ko sallama.

Ranar Lahadi, ranar farko ta mako a nan, na fara shiga wajen mudira. Ta saurari saƙon Mariamou sau biyu. Ta cire tabarau ta ce, "Zauren a hannunki yake. Abin da kika ɗaura, ke za ki kwance." A hutun ƙarfe goma na shiga ajina, na rufe ƙofa, na zauna a ƙaramar kujerar yara. Na buɗe zauren. Mutum ɗari da sha huɗu. Ban taɓa danna alamar makirufon nan a cikinsa ba.

"Assalamu alaikum iyayenmu. Malama Sabuwa ce. Shekara biyu da suka wuce na kafa dokar hana saƙon murya. Na yi ne don tsari, amma ban yi tunanin waɗanda murya ce kaɗai hanyarsu ba. Na goge saƙonni da yawa ban saurara ba, kuma wani yaro ya cutu saboda haka. Laifina ne, ina neman gafararku. Daga yau an ɗage dokar. Mai rubutu ya rubuta, mai magana ya yi magana, da Hausa ko Larabci, kar dai ya wuce minti biyu. Duk sanarwar makaranta kuma zan riƙa karanta ta da baki. Wadda na taɓa goge wa saƙo, don Allah ta sake turowa. Ina saurare."

Na saki yatsa. Ya tafi.

Minti goma babu motsi. Na koma darasi, ina koya wa yara jam'in kalmomi, zuciyata tana kan wayar da ke cikin jaka. Da aka tashi na duba. Saƙon murya ashirin da uku.

Wata ta ce ɗanta ba ya cin gyaɗa, tana kumbura masa fuska, ta faɗa tun bara. Wata ta tambaya ko za a iya yin taron iyaye ranar Juma'a ko sau ɗaya a zango. Wani direba, ana jin iskar hanya a bayansa, ya ce shi dai godiya ya kira yi. Wata tsohuwa ta yi sallama, ta yi dariya, ta ce, "Ba ni da magana, ina gwadawa ne in ga ko za a share." Uban nan mai minti tara ma ya dawo, ya yi minti biyu cif, ya ƙara wani minti biyun. Na zauna na rubuta kowanne a koren kundina. A karo na farko layukan da na ja suka sami abin ɗauka.

A rubuce kuwa saƙo ɗaya ne daga Anti Khalida: "An gode. Za mu tattauna gobe."

Ranar Litinin kwamiti ya zauna a ɗakin karatu, mutum bakwai. Anti Khalida ta zo da abaya mai ruwan toka da aikin zare a hannu, ta amsa gaisuwata ba ta dube ni ba. Na ajiye takardar likita a tebur, na kunna muryar Mariamou. Da aka zo wajen "tana son lissafi ƙwarai", wani likitan yara da ke cikin kwamitin ya sunkuyar da kai.

"Ƙa'ida ta ce wasiƙa uku ba amsa," na ce. "Amsar ta riga wasiƙun zuwa. Mu ne ba mu karɓa ba."

Aka ɗaga hannu. Biyar suka ce Rahina ta zauna, ɗaya ya ce a bi ƙa'ida. Anti Khalida ba ta ɗaga ko ɗaya ba. Ta rubuta sakamakon, ta rufe littafi, ta fita.

Washegari na leƙa aji huɗu ta taga. An mayar da Rahina layin gaba, gefen da kunnenta na dama ke fuskantar allo. Malamarta ta sauya wa yara shida wuri a lokaci guda don kada a gane dalili. Ta yi tambaya, sai na ga wani siririn hannu ya ɗaga rabi, ya tsaya, ya ƙarasa.

Basiru kuwa, tun bayan na ranar Asabar babu saƙon bayan azahar. Lahadi shiru, Litinin shiru. Umma ta mayar da lesukan cikin leda, ta ɗora a saman kabad. Wannan ya fi faɗa ciwo. Na ce wa kaina na zaɓa, kuma da za a sake, haka zan sake. Gaskiya ne. Amma duk da haka ina duba waya.

Ranar Talata bayan la'asar ina gugar hijaban makaranta, wayar ta yi ƙara. Basiru. Ba rubutu ba ne. Saƙon murya ne, minti ɗaya da daƙiƙa hamsin, daga mutumin da bai taɓa turo mini murya ba. Na kashe dutsen guga, na zauna a bakin gado, na yi bismilla, na danna.

Ba muryarsa ba ce. Muryar tsohuwa ce, a hankali, da Hausar Funtuwa.

"Salamu alaikum, Sabuwa. Ni ce mahaifiyar Basiru. Yaran nan sun kunna maganarki a falo na ji, na sa sun maimaita mini. 'Yata, ni ma ban iya karatun boko ba. Yara shida na kai makaranta, duk takardar da aka aiko sai na kai wa maƙwabci, wata rana ya karanta, wata rana ya ce yana barci. Khalida ta manta ne, ko kuma ba ta son tunawa. Ki gaya wa mahaifiyarki ba sai mako biyu ba, muna nan tafe ranar Juma'a bayan la'asar, in Allah ya kai mu. Basiru zai kawo ni." Aka ji motsi, kamar ta juya. "Kai, ina ake sakin abin nan? Au. To, Khalida dai ban gaya mata ba tukuna. Wannan ki bar mini."

Can a baya na ji dariyar Basiru, sai saƙon ya yanke.

Na saurara sau uku. Sannan na ɗauki wayar na nufi kicin, inda Umma ke yanka albasa ta ba ni baya.

"Umma," na ce, "ajiye wuƙar. Akwai saƙo, kuma ba a karanta shi, sai dai a ji."